Yaron da Ba a Tambayi Sunansa Ba: Sharhi kan Nunin Hotunan Ɗalibai

Mu ma'aikatan rediyo akwai karin maganar da ba mu cika so ba, wato gani ya kori ji, don kuwa da ji muke cin abinci. Duk da haka, da aka gayyace ni nunin hotunan ɗaliban aikin jarida na wata jami'armu, sai na ɗauki rakodata na tafi, da niyyar samo abin da zan cika shirina na ƙarshen mako. Na samo, har na dawo da wata magana da minti talatin ba za su ishe ta ba, shi ya sa na kawo ta a rubuce.

Bari in fara da yabo, domin malamin ya cancance shi. Kamara biyu gare shi, ɗaya ta sashe ɗaya tasa, sauran ɗalibai da salula suke aiki. Amma ya koya masu abin da ya fi wuya a ƙasarmu, wato sarrafa haske. Duk wanda ya taɓa ɗaukar dattijo sanye da farar riga da rawani da tsakar rana ya san matsalar. Kamara takan ga farin rigar da hasken yashi ta ɗauka haske ya yi yawa, sai ta rage, fuskar mutum ta dushe har ba a gane ko wane ne. Jefi-jefi ne na ga wannan kuskure a bangon. Yaran sun san su auna haske a kan fuska, sun san su ja mutum inuwa, sun san hantsi da la'asar sakaliya sun fi tsakar rana, kuma hazon hunturu, wanda muke ƙi saboda mura, su sun gane yana tausasa haske.

Abu na biyu, yana tura su gasa. A ƙofar ajin an manna sanarwowin gasanni, har da ta Sony World Photography Awards, wadda ke da sashen ɗalibai kuma ba a biyan kuɗin shiga. Ban ga laifi a nan ba. Gasa tana sa wa ɗalibi wa'adi, tana tilasta masa ya zauna da hotuna ɗari biyu ya fitar da biyar, kuma wannan zaɓen rabin sana'ar ne. Tana kuma nuna wa ɗan Tawa ko Gure cewa aikinsa zai iya tsayawa kusa da na ɗan Dakar ko Nairobi.

Inda na tsaya na daɗe shi ne bangon da aka keɓe wa hotunan da za a aika gasa. Ga almajiri riƙe da kwano, ga tsohuwa a bakin busasshiyar rijiya, ga mushen saniya a fako, ga fuskar Bororo cikin kwalliyar gerewol, ga raƙumi a kan tudun yashi rana na faɗuwa. Ta fuskar aiki ba su da aibu. Amma dukkansu na taɓa ganinsu, a bangon rahotannin ƙungiyoyin agaji da kalandun masu yawon buɗe ido. Tun yunwar 2005, lokacin da kamarorin duniya suka cika cibiyoyin ciyar da yara a Maraɗi, irin wannan hoton ya zama fuskarmu a waje. Abin da ya dame ni shi ne, yaran da aka haifa a nan, suke jin harshen mutanen nan, sun ɗauko hotunan baƙon da ya sauka jiya zai tashi jibi.

Na samu ɗalibin da ya ɗauki almajirin tsaye kusa da hotonsa. A ƙasan hoton kalma ɗaya ce da Faransanci, ma'anarta talauci.

Na ce, "Ƙanena, yaya sunan yaron nan?"

Ya yi murmushi ya ce, "Wallahi Yaya, ban tambaya ba."

"Malaminsa fa, ya san an ɗauka?"

"Ai daga nesa na jawo shi, bai ma gan ni ba."

Bai faɗa da mugunta ba. Shi a wurinsa gwaninta ce. Nan take na tuna da hoton Kevin Carter, ɗan Afirka ta Kudu, wanda a watan Maris na 1993 ya ɗauki wani yaro da yunwa ta durƙusar a Ayod, kudancin Sudan, ungulu na tsaye bayansa. Jaridar New York Times ta buga, ya ci kyautar Pulitzer a 1994, duniya kuma ta yi ta cewa yarinya ce. Sai a 2011 wasu ƴan jaridar Sifaniya suka bi sawu suka gano namiji ne, sunansa Kong Nyong, kuma ya tsallake waccan yunwar har ya girma. Shekara 18 hoton yana yawo, ana koyar da shi a azuzuwa, ba a san ko mace ce ko namiji ba. Carter dai baƙo ne a fagen yaƙi. Ɗalibinmu kuwa kullum sai ya wuce makarantar allon yaron a hanyarsa ta zuwa jami'a.

Da na gaya wa malamin damuwata bai yi fushi ba. Ya ce, "Abokina, irin waɗannan alƙalai ke so. In yaro ya ci sau ɗaya ya samu kamara, ƙofa ta buɗe masa." Na fahimce shi. Kamara mai kyau kuɗinta dubban ɗaruruwan sefa ne, ɗan tallafin da ɗalibi ke samu ba zai saye ta ba ko ya shekara yana tari. Malamin da ke son ganin yaransa sun samu abin yi ba zan zarge shi da son zuciya ba. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ɗalibin da ya fara da tambayar me alƙali ke so, haka zai ci gaba, gobe abin da edita na waje ke so, jibi abin da mai ba da tallafi ke so, har idonsa ya saba da tsallake duk abin da ba ya sayuwa.

Kuma tarihin sana'ar a yankinmu bai goyi bayan malamin ba. Seydou Keïta ya buɗe ɗakin hotonsa a Bamako a 1948, yana ɗaukar mutanen gari da hasken rana, cikin tufafin da suka fi so, wani da keke, wani da rediyo. Su ne ke biyansa, don haka su ne alƙalansa. Da aka nuna hotunansa a Niyok a 1991, shi kansa ba a sa sunansa ba, an rubuta cewa ba a san mai ɗauka ba, sai daga baya aka nemo shi. Malick Sidibé ya yi ta bin samari da ƴan mata wuraren rawa a Bamako. Hotonsa na daren Kirsimeti na 1963, saurayi da budurwa suna rawa goshinsu na neman haɗuwa, ita ba takalmi, babu yunwa a ciki babu raƙumi. Ya samu kyautar Hasselblad a 2003, a 2007 kuma aka ba shi Zakin Zinariya a Benis ta Italiya, shekara arba'in da wani abu bayan ɗaukar wancan hoton. Mu ma a Yamai muna da Philippe Koudjina, wanda ya rasu a 2014, kuma da hotunansa ne ake ganin yadda babban birninmu ya yi shagali a shekarun 1960 da 1970. Dukkansu don mutanen cikin hoton suka yi aikin, kyaututtukan daga baya suka biyo.

A ɗaya bangon, na waɗanda ba za a aika ba, na ga hoton da ya fi kowane tsaya mini a rai. Wata ɗaliba ce ta ɗauki fadar ƴan kabu-kabu ta ƙofar gidansu da dare an ɗauke wuta. Haske biyu kaɗai ke ciki, jan garwashin da ake dafa shayi da shuɗin fuskar salula. Mutum huɗu sun haɗa kai suna kallon wani abu a wayar, na biyar ya juya masu baya yana ƙirga cinikin yini a tafin hannu, ga babura a jere bayansu kamar dawaki a turke. Babu wanda ya gyara zama saboda ita, domin ƙanwarsu ce ta unguwa. A ƙasa ta rubuta sunayensu biyar, da unguwa, da ƙarfe nawa. Malamin ya ce hoton ba shi da ƙarfi. Ni kuwa a ganina nan da shekara talatin, wanda ke son sanin yadda samarin wannan zamani suka yi zaman dare, wannan zai nema.

To me nake roƙo? A ci gaba da gasa, amma a sa wasu darussa gabanta. Na farko izini. Ɗalibi ya yi sallama, ya faɗi ko shi wane ne da inda hoton zai je, in yaro ne a nemi iyayensa ko malaminsa, in matar aure ce a san ta yarda. Na biyu bayanin ƙasan hoto. Mu da muka karanta aikin jarida an koya mana wa, me, ina, yaushe, kuma ban ga dalilin da zai sa mai kamara ya tsallake su ba. A rubuta da Faransanci saboda gasa, a kuma rubuta da Hausa ko Zabarmanci saboda masu hoton.

Na uku gaskiya. Wasu hotunan bangon gasa an ƙara masu duhu har sama ta yi kamar hadari a watan bazara. A 2015 gasar World Press Photo ta ƙasar Holan ta soke kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagayen kusa da na ƙarshe saboda taɓa su da aka yi da kwamfuta. A 2023 wani Bajamushe, Boris Eldagsen, ya ci wani sashe na gasar Sony da hoton da kwamfuta ta ƙirƙira, sannan ya ƙi karɓar kyautar. Shi ya sa manyan gasanni ke neman asalin hoton yadda ya fito daga kamara. Ɗalibin da ya tura hotonsa ta WhatsApp ya goge na asali, ya rage masa inganci kuma ya rasa shaidarsa. Na huɗu karanta sharuɗɗa. Akwai gasannin da ke karɓe ikon amfani da duk hoton da aka aiko, ko ya ci ko bai ci ba. A zauna a aji a karanta takardar layi-layi kafin a aika.

Na ƙarshe, kafin hoto ya tafi Turai, ko Bamako inda ake taron masu hoto na Afirka tun 1994, a fara rataya shi a unguwar da aka ɗauke shi, ko a bangon makaranta ne, ko a rumfar kasuwa. Wanda zai ji kunyar tsayawa kusa da hotonsa a gaban mutanen ciki, shi da kansa zai san bai kamata ya aika ba.

Da zan fita na sake ratsawa ta wurin ɗalibin nan. Na ce ya wanke hoton ya kai wa yaron, ya gaida malaminsa, ya zauna ya ji daga wane gari aka kawo shi da izu nawa ya kai. Ya ce in sha Allahu zai je ranar Alhamis, tunda ba karatu. Na ba shi lambata na ce in ya samo sunan ya kira ni, zan faɗa a rediyo in malamin ya yarda. Allah ya ba su sa'a a gasar, ya kuma saka wa malaminsu da alheri.