Wa ake yi wa dariya a wasannin ƴan lakwal?

Ƙarshen shekarar karatu ba ya wucewa, daga Tawa zuwa Damagaram, ba tare da ƴan makaranta sun yi ɗan wasan kwaikwayo a kan lakwal ba. Jigon sananne ne: yaro ya dawo hutu ƙauye, fura ta koma "bul" a bakinsa, ya ce ya mance sunan hauya, sai da ya taka ta, ƙota ta buge shi a goshi, sannan Hausarsa ta dawo garau. Wannan raha tana da daɗi domin girman kai take caka, kuma kowa ya san mai irin halin.

Wanda ya fi shi armashi shi ne wasan sambol, wato ƙashi ko ɗan katakon da ake rataya wa ɗalibin da ya kuskura ya yi harshen gida. Yaro ya zama ɗan sandan abokinsa, yana tsokanarsa ko ya suɓuce ya ce "wayyo" don ya sauke kayansa a wuyan wani. Dattawan da suka yi karatu da "Mamadou et Bineta" na André Davesne su ne suka fi kowa ƙyaƙyatawa a nan, alhali su abin ya ci.

Inda nake da ja shi ne wasan da ake fito da tsohon manomi gaban mushe yana karya Faransanci, jama'a na shewa. Mene ne laifinsa? Marubucin wasan ya karɓi sambol daga hannun mushe ya rataya wa uban ɗalibi, kuma yaran da ke tafi suna koyon cewa harshen gidansu abin kunya ne. Malamai, ku ne kuke zaɓen waɗannan wasanni.

Ga shi kuwa zamani ya ba da sabon abin dariya. Tun 1973 aka fara gwada koyarwa da Hausa a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a aji, a 2025 kuma Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Ƙungiyoyin al'adu su fito mana da mushen da ya gwanance a dikte, yana gumi gaban allo, ya rasa inda zai sa lanƙwasar ƙ da ɗ, har ƴar ajin farko ta ɗaga hannu ta nuna masa cewa "kasa" ya rubuta a madadin "ƙasa".