Jinjina ga Mazan Jiya na Yaƙin Bama

A gidaje da yawa na ƙasar Hausa akwai dattijon da har ya koma ga Allah ana kiransa da muƙaminsa na soja: Baba Kofur, Baba Saje. Irinsu ne suka je yaƙin Bama.

A yaƙin duniya na biyu Turawan Ingila suka ɗebi samarin Arewa, aka tsallaka teku da su zuwa Indiya. Daga can runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta kutsa kwarin Kaladan na ƙasar Bama a 1944, ta 82 ta biyo ta yankin Arakan. Inda mota ba ta shiga, a ka suka ɗauki harsashi da abinci, jiragen sama na jefo musu guzuri, ga ruwa, ga sauro, ga sojojin Jafan a ɓoye cikin ƙungurmin daji. A Janairun 1945 suka kama garin Myohaung. Sunayen barikin Dalet a Kaduna da barikin Chindit a Zariya daga wannan yaƙi suka samo asali.

Da suka dawo, abin da aka sallame su da shi bai taka kara ya karya ba. Wasu suka zama 'yan doka, wasu direbobi, wasu suka koma gona. Suka riƙe gida da tsari da cika alkawari, suka tura 'ya'ya makaranta, suka zama masu sasanta rigimar dangi.

Kowace 15 ga Janairu Nijeriya na tunawa da sojojinta. Hakkin jikoki ne su rubuta labarin kakanninsu tun masu saninsa na raye. Allah ya jiƙan mazan jiya.