Ramatulayi a Kan Takarda: Bitar Littafin Ziyarar 'Yan Sha Ɗaya

Duk wanda ya tashi a Zangon Wagadugu ya san yadda tashar mota take zama a da idan watan Mauludi ya kama. Za ka ga tsofaffi da buta da tabarma a naɗe, mata da ƙunshin gari, kowa na neman motar Wahiguya. Ramatulayi suka nufa, wani ƙauye a ƙasar Yatenga, su yi ziyara su samo albarka. Ina yaro na sha riƙe wa kakata jaka har bakin mota, amma ban taɓa tambayar yadda ƙauyen ya samu wannan daraja ba.

Amsar na same ta a littafin "Un islam confrérique au Burkina Faso", wanda Felice Dassetto da Pierre-Joseph Laurent da Tasséré Ouédraogo suka rubuta, kamfanin Karthala na birnin Faris ya buga.

Littafin ya bi sawun Shehu Abubakar Maiga, wanda ya kafa garin ya kuma rasu a 1946. Ɗariƙarsa Tijjaniyya ce ta reshen Shehu Hamahullahi na Nioro, masu karanta Jauharatul Kamali sau 11 a wazifa maimakon 12, dalilin da ya sa ake ce musu 'yan sha ɗaya. Ƙwayar carbi guda ke nan, amma ta hana Nasara barci. Faransawa sun kama Hamahullahi a 1941, ya cika a hannunsu a garin Montluçon na Faransa a 1943, shi ma Shehun Ramatulayi bai tsira daga tsarewarsu ba. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin yadda almajiran gidan suke riƙe da labarin Shehunsu kamar gadon uba ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne marubutan ba su tsaya a takardun 'yan mulkin mallaka kaɗai ba. Sun ba bakin mutanen gidan muhimmanci, suka haɗa abin da ake tunawa da abin da ake yi a taron Mauludi a lokacin bincikensu. Mai karatu zai gane cewa ziyara ibada ce, kuma zumunci ce, har da neman mafita daga ciwo da talauci.

Sai dai ba a rasa nono a ruga, aibin ma akwai. Faransancin na jami'a ne, yana da nauyi, kuma wani bayanin an yi shi ne don Bature, abin da ɗan makarantar allo ya riga ya sani. Tsohuwar da ta fi kowa sanin hanyar Ramatulayi ba za ta karanta ko shafi ɗaya ba.

Na rufe littafin ina kishi, gaskiya. A 2003 aikin sabunta tsakiyar birni da ake kira ZACA ya rushe Zanguwetin, wato Zangonmu na Wagadugu, unguwar da Hausawa fatake suka kafa, jama'a suka watse zuwa gefen gari, dattawan da suka san tarihin malamanmu suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. 'Yan bokonmu, ku nemi littafin nan ku karanta, a samu mai juya shi zuwa Hausa, sannan ku ɗauki waya ku je gun dattawan da suka rage ku naɗi maganarsu tun suna da rai.