Ƙaguwar Rumsiki da Shamuwar Kawu

A daminar 2010 kawuna ya yi asarar irin masara sau biyu a gonarsa da ke bayan garin Tignère. Ruwan farko ya sauka da ƙarfi, ya yi shuka, sai sama ta ɗauke har mako uku, tsiron ya ƙone. Da hunturu ya shigo na ce masa zan je Rumsiki, sai ya yi dariya ya ce, "To ɗana, in ka ga mai ƙaguwar nan da ake faɗa, ka tambayo mana yaushe ruwan bana zai zauna." Da wasa ya faɗa, amma na san abin na cin sa a rai.

Tafiyar ba kusa ba ce. Daga Tignère sai Ngaundere, sai Garwa, sai Marwa, sannan Mokolo, kafin a hau duwatsun Mandara inda ƙabilar Kapsiki ke zaune dab da iyakar Nijeriya. Na tarar da tsohon a inuwa, gabansa tukunyar ƙasa mai faɗin baki da jiƙaƙƙen yashi a ciki. Ya kafa 'yan gutsattsarin ƙwarya da tsinkaye a cikin yashin, kowanne da abin da yake wakilta. Ya ɗauko ƙaguwa ya kai ta bakinsa ya yi mata raɗa, ya saka ta ciki ya rufe. Bayan ɗan lokaci ya buɗe, ya duba abin da ta ture da abin da ta bari, ya fassara.

Turawa huɗu ne a gabana. Wata ta tambayi yawan 'ya'yan da za ta haifa, wani ya tambayi ko zai sake dawowa Afirka. Kowa ya samu albishir, kowa ya ɗauki hoto, kowa ya biya. Da layi ya zo kaina na ce da Fulatanci, "Baba, yaushe ruwan bana zai zauna a ƙasarmu?" Ya rufe tukunya, ya buɗe, ya ce ruwa zai zo, amma a yi haƙuri da farkonsa. Na yi godiya na ajiye kuɗina. Ina saukowa nake tunani, wace shekara ce wannan amsa ba za ta dace da ita ba?

Kada a ɗauka raini nake yi wa Kapsiki. Walter van Beek, masanin ɗan ƙasar Holan da ya daɗe yana bincike a cikinsu, ya nuna cewa duban ƙaguwa aikin maƙera ne, kuma mutanen gari kan je ne da damuwa ta gaske, kamar ciwo ko aure ko rikicin gida. Ni Musulmi ne, ban yarda ƙaguwa ta san gaibu ba. Duk da haka na gane cewa wanda ya zauna gaban dattijon da ya san danginsa da tarihin gidansa yana iya tashi da shawara mai amfani. Abin da aka nuna mana ranar nan kuwa ɓawon ne kawai, an cire tsokar an sayar wa baƙo.

Daga baya na ga irin wannan a talabijin daga Amurka. A wani ƙaramin gari mai suna Punxsutawney a jihar Pensilbaniya, kowace 2 ga Fabrairu dubban mutane kan taru tun kafin asuba cikin tsananin sanyi. Wasu dattawa masu dogayen huluna sai su fito da wata dabba dangin kurege da suke kira Phil. In ya ga inuwarsa, wai sanyi zai ƙara mako shida, in bai gani ba, sauƙi ya kusa. Tun 1887 ake wannan biki, kuma fim ɗin da aka yi a kansa a 1993 ya ƙara jawo masa 'yan kallo. Masu bin lissafin yanayi sun nuna cewa hasashen Phil bai kai rabi ba wajen dacewa. Mutanen garin sun sani, ba su kuma damu ba, domin babu mai shuka da maganar kurege. Nishaɗi suke nema a tsakiyar hunturu, otal-otal su cika, 'yan kasuwa su yi ciniki. A nan na fi ganin gaskiyarsu: wasa suke yi, kuma sun kira shi wasa.

Inda nake da ƙorafi shi ne wurin marubutanmu. Duk wanda zai yi rubutu a kan "hikimar gargajiya" ta arewacin Kamaru sai ya ruga wurin ƙaguwa, saboda ita ce ke cikin takardun 'yan yawon buɗe ido. Ga shamuwa kuwa a kan bishiyar ƙofar gidansa, bai ɗaga kai ya dube ta ba.

Kawu ya yi ƙuruciyarsa a ƙauyukan Garwa, kuma a can ya koyi abin da kowane manomin ƙasar Hausa ya sani: in shamuwa ta sauka ta fara ɗaukar kara tana gyara sheƙa, a fito da fartanya. Ba a kashe ta, ba a taɓa ƙwanta. Wannan ba duba ba ne, lura ce. Shamuwa fara da tsutsa take ci, su kuwa ruwa suke bi. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris tana kudancin Afirka inda ake damina a lokacin. Idan ruwa ya juyo arewa sai ta biyo shi, ta zo ta yi ƙwai a garuruwanmu. Ba a saka ta a tukunya ba, ba a yi mata raɗa ba, cikinta ne ya kawo ta, shi ya sa ba ta da dalilin faranta wa kowa rai. Manomi kuma ba ya dogara da ita kaɗai. Yana duba ko iska ta daina busowa daga gabas, ko gawo ya fara zubar da ganye, ko tururuwa na kwashe ƙwanta zuwa tudu. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Ita ma shamuwar tana da iyaka. Tana cewa ruwa ya kusa, ba ta cewa ba zai yanke ba bayan ya fara, kuma yankewar ce ta ƙona masarar Kawu. Wannan tambaya ta masana yanayi ce. Cibiyoyi irin su AGRHYMET da ACMAD a Yamai suna fitar da hasashen damina kowace shekara, har da batun tsawon ɗaukewar ruwa. Mu da muka iya Faransanci da Ingilishi, mu nawa ne muka taɓa zama muka mayar da shi Hausa ko Fulatanci, muka aza shi kusa da abin da dattawa suka gani a sama da ƙasa? Wannan rubutun ne zai ceci mudun iri, amma ba ya jawo tafi.

Tun da aka sace wasu Faransawa 'yan gida ɗaya kusa da Waza a Fabrairun 2013, baƙi suka janye ƙafa daga arewa mai nisa, kasuwar ƙaguwa ta yi sanyi. Shamuwa ba ta fasa zuwa ba ko shekara ɗaya.

Da na koma gida na faɗa wa Kawu amsar da na samo. Ya ce, "Wannan ai ko ni zan faɗa maka, da ka ba ni kuɗin motar." A shekarar bai yi shuka a ruwan farko ba. Ya jira na uku, ya tona ƙasa da hannu ya ga laimar ta kai tsawon tafinsa, sannan ya buɗe buhun iri.