Tufka Da Warwara: Wata Dabara Ta Masu Ƙaga Labari

Duk wanda ya saba karanta labarun da samarinmu masu koyon rubutu su ke ƙagawa, lalle ya lura da abu guda, watau da wuya labari ya tashi sai an nemo mugu an dasa a tsakiyarsa. In ba kishiya mai baƙin ciki ba, to, bafade maci amana. In ba boka ba, aljani. Ba mu ce wannan laifi ne ba, gama tatsuniyoyin Gizo a kan wayonsa da haɗamarsa su ke tafiya, Magana Jari Ce kuwa, wanda Abubakar Imam ya fara fitarwa a 1937, makircin Waziri ne ya ɗaure shi. Amma akwai wata hanya wadda ta fi wannan wuyar bi, ta kuma fi kama da zaman duniya, ita ce a kawo asara cikin labari alhali babu mugu ko ɗaya. Mutum biyu ne, kowa na nufin alheri, kowa ya ga ɓaraka ya tashi ɗinke ta bai gaya wa ɗan'uwansa ba, sai gyaran wannan ya cinye gyaran wancan. Hausawa sun riga sun ba mu sunan abin: tufka da warwara.

Kada mai karatu ya rikita wannan da gyaran gangar Auzinawa, ko da wanda ya tafi gyaran gira ya rasa ido. Can hannu ɗaya ne ya yi gyaran, rashin gwaninta ya ɓata shi. Kada kuma ya rikita shi da labarin nan na mai sabon wando wanda ya yi masa tsawo, mata uku na gidansa kowace ta tashi da dare ta rage taƙi ɗaya, gari ya waye wando bai kai gwiwa ba. Can gyara uku sun nufi gefe guda ne, suka taru suka yi yawa. Abin da mu ke magana a kansa shi ne gyara biyu masu kyau waɗanda suka fuskanci juna, kowanne ya zare ƙasa daga ƙarƙashin ƙafar ɗan'uwansa.

Mafi tsufan misalin da mu ka sani yana cikin tatsuniyoyin da a ke danganawa ga Isof, mutumin ƙasar Girka, wanda kuma Lafonten Bafaranshe ya mayar waƙa a 1668. Wani magidanci ne furfura ta fara ratsa masa kai, yana da mata biyu, yarinya da babba. Yarinyar ba ta so a gan ta da tsoho, in ta karɓi kansa sai ta riƙa tsige furfurar. Babbar kuwa ba ta so a ce ta girme shi, sai ta riƙa tsige baƙin. Kowace da ta yi aikinta ita kaɗai da ta sami abin da ta ke nema, amma da su ka haɗu a kai ɗaya sai mutum ya wayi gari ƙwal kamar bayan ƙwarya. Dariya labarin ya ke ba mu, dalili kuwa shi ne niyyar matan ba ta tsarkaka ba, kowace kanta ta ke gyarawa a kan mijin. Nan ne mu ka fara gane cewa gwargwadon tsarkin niyyar masu gyara, gwargwadon yadda labarin zai tashi daga raha ya koma abin tausayi.

Ga wani kuma wanda Lamartin, shi ma Bafaranshe, ya kawo cikin littafin tafiyarsa ta ƙasashen gabas a 1835, ya ce labarin Larabawa ne game da Ƙudus. Wa da ƙane su ka noma gona tare, su ka raba dammunan alkama daidai. Ɗaya gwauro ne, ɗaya mai iyali. Gwauron ya ce a ransa, ɗan'uwana na da bakuna da yawa, sai ya tashi da dare ya ɗebi nasa ya ƙara masa. Mai iyalin kuwa ya ce, ɗan'uwana shi kaɗai ne ba mai taimakonsa, shi ma ya ɗebi nasa ya kai. Kullum gari ya waye tsibi biyu na nan daidai, kowa na mamaki, har daren da su ka yi karo a hanya kowa da dami a ka. Nan tufka da warwara ta cika sarai, ba a ƙaru da ƙwaya ɗaya ba, ba a ragu ba. Duk da haka babu mai cewa wahalar banza su ka sha, gama kowa ya ga zuciyar ɗan'uwansa, abin da ba zai taɓa gani ba da aikin ɗayansu ya ci nasara.

To, wanda ya fi kowa shahara da wannan dabara shi ne O. Henry Ba'amurke, wanda sunansa na yanka Wiliyam Sidni Pota, an haife shi a 1862 ya rasu a 1910. A watan Disamba na 1905 wata jaridar birnin Niyu Yok ta buga ɗan gajeren labarinsa mai suna The Gift of the Magi, watau kyautar masanan gabas. Miji da mata ne talakawa, Jim da Dela, suna haya dala 8 a mako, albashin mijin kuwa ya faɗo daga dala 30 zuwa 20. Jajiberin Kirsimeti ya zo, abin da Dela ta tara duka dala 1 ne da kwabo 87 irin nasu, wanda ɗari ke yin dala. Abu biyu kaɗai su ke taƙama da su a gidan, agogon zinariya na aljihu wanda Jim ya gada daga ubansa da kakansa, da gashin Dela mai sauka har ƙasa da gwiwa. Dela ta tafi ta sayar da gashinta dala 20, ta sayo wa agogon sarƙa ta dala 21. Jim kuwa ashe ya sayar da agogon ya sayo mata matazan ado na ɓawon kunkuru waɗanda ta daɗe tana sha'awa. Sarƙa ta zo ba agogo, matazai sun zo ba gashi.

Mu duba yadda a ka gina shi, gama nan darasin ya ke. Da fari, kowane aiki shi kaɗai daidai ne, babu wanda zai kira Dela wawuya ko Jim. Na biyu, shirun da ke tsakaninsu yana da dalili mai ƙarfi, gama al'adarsu ce a ɓoye kyautar idi har sa'ar bayarwa, wanda ya yi shawara ya ɓata kyautar. Na uku, tun farko marubucin ya ajiye agogo da gashi gab da juna a gaban mai karatu, sa'an nan ya janye hankalinsa ya bi Dela ita kaɗai, kasuwa da gida, har mu ka manta cewa Jim ma yana da zuciya da ƙafafu. Sabo da haka in asiri ya tonu ba mu cewa an yaudare mu, sai mu ce, ashe, ai da ma ga shi a fili.

Amma ba za mu bar shi ba tare da ƙorafi ba. Ma'aunin bai daidaita kamar yadda ya ke nunawa ba, gama gashi na tsirowa, Dela da kanta ta faɗi haka, agogon kaka kuwa in ya tafi ya tafi. Matazan za su jira wata 'yan watanni su yi amfani, sarƙar kuwa sai dai a ajiye. Har ila yau, a ƙarshe marubucin ya fito da kansa ya tsaya yana yi mana bayani cewa waɗannan biyu su ne mafi hikimar masu kyauta. A ganinmu da ya bar su zaune gaban abincin darensu ya yi shiru, da ya fi, gama mai karatu ya riga ya gane, kuma ba a nuna wa mai ido rana.

Dabarar nan ba ta tsaya ga labarin raha da na tausayi ba, tana ɗaukar nauyin mutuwa. Cikin wasan Shekisfiya na Romiyo da Juliyet, wanda a ka fara bugawa a 1597, uban Juliyet ya ga 'yarsa na kuka, yana tsammani mutuwar ɗan'uwanta Taibal ce, sai ya tsai da aurenta ran Alhamis don ya share mata hawaye, bai san ta riga ta auri Romiyo a ɓoye ba. Fada Lorens kuwa, don ya tsame ta, ya ba ta maganin da zai kwantar da ita kamar gawa har sa'a 42, ya ce ta koma ta nuna ta yarda. Yardar ta faranta wa uban rai har ya jawo bikin zuwa Laraba. Sa'an nan Baltaza, baran Romiyo mai amana, ya ga an sa ta a kabari, ya sukwano zuwa Mantuwa ya gaya wa maigidansa abin da idonsa ya gani. Dubi ƙullin: dabarar Fada ba ta cin nasara sai kowa ya gaskata mutuwar, kuma gaskatawar nan ita ce ta kashe Romiyo. Iyakar kyawun dabarar, iyakar haɗarinta. Inda mu ke ganin rauni shi ne wasiƙar da za ta warware kome, wadda a ka tsare mai kai ta sabo da tsoron annoba. Wannan tsautsayi ne a ka jawo daga waje, alhali a wurin O. Henry da labarin 'yan'uwa biyu halin mutanen kaɗai ya isa.

Daga nan mu ka sami ma'aunin da za mu ba duk mai son gwada wannan hanya. Ya tambayi kansa, me ya hana mutanen nan biyu magana? In tambaya guda a bakin akushi za ta warware rikicin, kuma babu abin da ya hana a yi ta sai son marubuci labarinsa ya yi tsawo, to, ya yi wa mai karatu rashin adalci, mai karatu kuwa ya kan gane. Ya kuma tambayi kansa, bayan gyara biyu sun cinye juna, me ya saura a ƙasa? In babu kome sai dariyar ƙeta, wasan yara ne. Ya kamata a tashi da sanin wani abu game da mutanen wanda ba a sani ba da.

Marubutan Hausa ba su da uzurin rasa dalilin shiru, gama zamanmu cike ya ke da shi. Ga kunyar da ke tsakanin suruki da suruki, ga alkunyar uwa ga ɗan fari, ga kara wadda ke hana mutum faɗin bukatarsa, ga taimakon da a ke yi a ɓoye don a rufa wa ɗan'uwa asiri. Kowanne cikin waɗannan ɗabi'a ce ta kirki, kowanne kuma ya isa ya sa mutum biyu masu ƙaunar juna su yi tufka da warwara shekara guda ba su sani ba. Wanda ya iya fito da wannan a takarda ba ya bukatar boka ko aljani, kuma mai karatu zai ajiye littafin yana tunanin gidansu. Muna fata samari masu alƙalami su gwada, sai dai su tuna da tambayoyin nan biyu kafin su tsoma alƙalami a tawada.