Littattafan Hong: Na Karatu Ne Ko Na Ado?

Mai karatu, in kana cikin masu jera littattafai a kanta don baƙi su gani, to da kai Hong Kyoung-tack yake. Wannan mai zane ɗan Koriya ta Kudu, haifaffen 1968, ya ɗauko tsohon salon ƙasarsu ne mai suna "chaekgeori", wato zanen kantar littattafai. Sarki Jeongjo, wanda ya yi mulki daga 1776 zuwa 1800, har bayan karagarsa ya sa aka kafa irinsa don fadawa su so karatu. Daga baya talakawa suka kwaikwaya, suna ƙara rumman a ciki don fatan samun 'ya'ya da yawa.

Shi kuwa Hong, a jerin zanensa na "Library", cunkusa littattafan ya yi maƙil, ja da shuɗi da rawaya, suna sheƙi kamar roba. Babu wurin numfashi. Kai da gani ka san tarawa ake yi, ba karantawa ba, kuma nan ya burge ni.

Amma fa akwai gyara. Zanen talakawan da a karkace yake, da ɗan ban dariya, shi ya sa yake shiga rai. Na Hong ya cika tsafta. In ka kalli uku a jere, wallahi ido gajiya yake yi.