“Fim Din Yayi”: Sharhi A Kan Hausar Finafinai Da Ta Masu Kallonsu

Darasinmu na yau sharhi ne a kan Hausar da finafinai da waƙoƙinsu suke koyar da mu, da kuma wadda mu 'yan kallo muke amfani da ita in mun tashi faɗin ra'ayi. Za mu ɗauki ƙasar Yauri a matsayin ma'auni, kuma da dalili.

A Yauri da Ngaski da Shanga, Hausa ita ce harshen kasuwa da tasha da bakin ruwa, amma ba ita ce harshen gidan kowa ba. Akwai Gungawa da Kambari da Shangawa da Lopawa, kowa da nasa harshen. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya ci gungu da ƙauyuka, aka tashi dubban mutane zuwa sababbin matsugunai, cuɗanya ta ƙaru, Hausa ta ƙara shiga gidaje. Yaron da yake tasowa yau a Yelwa ko Wara ko Birnin Yauri, Hausar da yake ji daga wajen garinsu mafi yawanta ta cikin waya ce: fim ɗin da aka tura masa a shagon caji, da waƙar da take tashi a kwale-kwale ranar kasuwa. Ke nan fim ya zama malamin Hausa, ko ya sani ko bai sani ba. Malami kuwa dole a duba abin da yake koyarwa.

1. SUNAYEN FINAFINAI

Mu fara da yabo. Labarina na Aminu Saira an rubuta shi daidai, domin gajeriyar mallaka “-na” a manne take da sunan da ta biyo. Kwana Casa'in na tashar Arewa24 bai yar da alhamzarsa ba. Izzar So da Gidan Badamasi da Mai Martaba duk ba su da matsala.

Amma dubi yadda ake yawan rubuta “Dadin Kowa” maimakon Daɗin Kowa, da “Dan Jarida” maimakon Ɗan Jarida, da “Alaqa” maimakon Alaƙa. Babu harafin q a cikin abacadar Hausa. Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, suna cikin littattafan Hausa tun shekarun 1930. A da ana iya cewa na'ura ce ba ta da su. Yanzu kowace babbar waya tana karɓar allon rubutun Hausa, to wannan uzurin ya ƙare. Sunan fim shi ne rubutun da ya fi kowanne yawo, kuma ɗalibin da ya gan shi sau ɗari haka zai juye shi a takardar jarrabawa.

2. HAUSAR WAƘA

Tun daga Turmin Danya na 1990 harkar fim ɗin bidiyo ta kafu a Kano, amma Sangaya na 1999 na cikin waɗanda suka nuna cewa waƙa tana iya sayar da fim. Daga nan mawaƙa irin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef suka zama ginshiƙai, har wani lokaci a manta da labarin fim a riƙe waƙarsa. Ba a raina wannan ba. Waƙoƙin sun dawo da tsofaffin kalmomi bakin matasa, irin su bege da kewa da tozali da ambato.

Inda gizo yake saƙa shi ne amsa-amo. Wasu masu rubuta waƙa in sun ɗauki harafin ƙarshe, misali “-ya” ko “-wa”, sai sun liƙa shi ga kowace kalma ko da ba ta da shi. Wani kuma ya juya jimla baibai, ko ya mayar da namiji tamace don ɗango ya zauna a kan kiɗa. Gaskiya ne mawaƙi yana da 'yancin da mai zube ba shi da shi, magabata ma sun tanƙwara kalma. Sai dai su in sun tanƙwara, ma'ana tana nan daram. Abin da muke ƙi shi ne baitin da in ka cire kiɗan ka karanta shi a takarda, ba za ka iya faɗin abin da yake nufi ba. Gwajin mai sauƙi ne: rubuta baiti ɗaya na waƙar da take burge ka, ka karanta wa wanda bai taɓa jin ta ba. In ya gane, mawaƙin ya iya. In ya ce “me ke nan?”, to makaɗin ne ya iya.

3. KARIN HARSHE

Kusan duk finafinan nan da Kananci ake yin su, kuma wannan ba laifi ba ne tunda can masana'antar take. Matsalar ita ce sau da yawa in ka ji “munka” da “sunka” da “anka” a fim, to an ba wa ɗan ƙauye ne ko mai ban dariya. Hausar yamma, wadda ake ji daga Sakkwato zuwa Kabi har ƙasar Yauri, cikakkiyar Hausa ce mai ƙa'idojinta. In yaro ya saba ganin ana dariya duk lokacin da aka yi irin maganar kakarsa, zai fara jin kunyarta, kuma abin da aka ji kunyarsa ba ya daɗewa.

Haka nan rayuwar bakin ruwa ba ta cika fitowa a allo ba. Ga taru da birgi da mamari, ga tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa, ga sarautar Sarkin Ruwa, ga tseren jirage na bikin Rigata. Kalmomi ne da labarai da suka isa a gina fim mai dogon zango a kansu. Mai Martaba, wanda Nijeriya ta miƙa gasar Oscar a 2024, ya nuna ana iya yin fim da Hausar fada a kuma kai shi waje. Hausar masunta ma tana jiran nata.

4. MU 'YAN KALLO

Ga irin abin da ake rubutawa bayan an kalli sabon kashi: “gaskiya fim din yayi, wakan nan ta hadu, naji dadi, akwai sako.” Gyaransa: “Gaskiya fim ɗin ya yi, waƙar nan ta haɗu, na ji daɗi, akwai saƙo.”

“Ya yi” da “na ji” kalmomi bibbiyu ne, wakilin suna daban, aikatau daban. Amma “yana” da “tana” da “suna” a haɗe suke. Waƙa tamace ce, don haka “waƙar nan” ake cewa, “waƙan nan” kuskure ne a daidaitacciyar Hausa. “Sako” kuwa aiki ne, kamar a ce an sako fursuna, abin da fim yake isarwa shi ne “saƙo”.

Bayan ƙa'idar rubutu akwai abin da ya fi ta nauyi. “Ya yi” da “ya haɗu” da “ya ba da ma'ana” duk hukunci ne babu hujja. Me ya yi? Hausa tana da kayan aikin sharhi, malamai irin su Abdulƙadir Ɗangambo da Sa'idu Muhammad Gusau sun shimfiɗa su a nazarin waƙa: jigo, warwarar jigo, zubi da tsari, salo, amsa-amo, amshi. Mai kallo yana iya cewa jigon fim ɗin rikicin gado ne, amma an ja shi har ya gundura, ko waƙar ta zo a inda labari bai buƙace ta ba, ko kalaman uwar sun yi kama da na uwa ta gaske. Wannan shi ne sharhin da marubuci zai karanta ya gyara aikinsa. Tunda masana'antar ta iya ƙirƙiro “fim mai dogon zango”, ta kuma ba “jarumi” sabuwar ma'ana har kowa ya karɓa, ai ta nuna tana da ƙarfin gina harshe. Saura mu riƙa faɗa mata inda ta gina da inda ta rusa.

AIKIN GIDA

Kowa ya zaɓi fim ɗaya ko waƙa ɗaya da ya kalla kwanan nan, ya rubuto mana jimla uku a kai: ɗaya a kan jigo, ɗaya a kan harshe, ɗaya a kan abin da zai so a gyara. A kula da ɓ da ɗ da ƙ. 'Yan uwa na Yauri da Ngaski da Shanga, ku ƙara mana da kalmomin su da na jirgi waɗanda ba ku taɓa ji a fim ba, mu tattara su a darasi na gaba. Allah ya ƙara mana sani mai amfani.